Wa Ke Riƙe da Sunayen? Lacca kan Haɗa Kan Masu Agaji a Damagaram

  

Ranar Talata 3 ga Satumba 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a nan Zinder, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi bayan ruwan sama mai yawa. A daminar shekarar, bisa alƙaluman gwamnati, kusan mutum 400 suka rasu a faɗin Nijar, ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi, kuma Maraɗi da Damagaram na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Komawa makaranta da aka sa ranar 2 ga Oktoba sai da aka ɗage ta zuwa 28 ga wata, domin wasu azuzuwan sun rushe, wasu kuma cike suke da iyalan da ba su da wurin kwana. Agaji ya zo, daga gwamnati, daga ƴan kasuwa, daga ƴaƴan garin nan da ke zaune a waje, daga ƙungiyoyi. Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da nake so mu duba yau shi ne ta wace ƙofa agajin yake shigowa, wa yake rubuta sunayen waɗanda za a bai wa, kuma wa yake nan bayan motoci sun koma Yamai.

Ƙasar nan ta daɗe da sanin wahala. Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Farin 1973 zuwa 1974 ya ƙarar da dabbobin Damargu, kuma zargin da aka yi kan yadda aka tafiyar da kayan agaji na cikin dalilan da Seyni Kunce ya kawo lokacin da ya kifar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Ku lura da wannan: tun shekara hamsin da suka wuce, rabon agaji ya taɓa shiga cikin abin da ya kayar da gwamnati a ƙasar nan. Sai yunwar 1984, wadda mutanenmu suka sa wa suna El-Buhari saboda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya.

Kowace masifa ta bar mana hukuma. OPVN, mai kula da rumbunan hatsi na ƙasa, tana nan tun 1970. Ƙasashen Sahel sun kafa kwamitin yaƙi da fari na CILSS a 1973, cibiyar AGRHYMET ta biyo baya a Yamai a 1974. Tsarin gargaɗin farko, wanda ma'aikata suka sani da SAP, ya zo a 1989. A 1998 aka kafa tsarin ƙasa na rigakafi da tunkarar ƙarancin cimaka, inda gwamnati da manyan masu ba da tallafi suke zuba kuɗi da hatsi a asusu ɗaya, su yanke shawara tare. A 2016 kuma aka buɗe ma'aikata guda ta ayyukan jinƙai da bala'o'i. Na jero waɗannan ne don kada wani ya tashi daga nan yana cewa matsalarmu rashin tsari ce. Tsarin da Nijar take da shi a rubuce, ƙasashe da yawa a Afirka suna sha'awarsa. Amma duk da shi aka yi 2005.

Da yawa a zauren nan sun ga 2005 da idonsu, ɗalibai kuwa wataƙila ana goye da su. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara ta sauka a arewa, aka ƙiyasta gibin hatsi a kimanin tan 223,000. Gibin bai kai wanda zai tsorata masu lissafi ba, kuma a nan kuskuren ya fara, domin ana ƙidayar damman da aka girbe, ba a ƙidayar abin da ke aljihun mai sayen tiya. Farashin gero ya ninka fiye da sau biyu kafin tsakiyar damina, farashin akuya da tunkiya ya faɗi, talaka ya sayar da dabba ya kasa sayen buhu. A farkon shekarar ma aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari kan wasu kayan masarufi, har garuruwa suka yi zaman gida a watan Maris. Gwamnati da abokan hulɗarta sun tsaya kan sayar da hatsi a farashi mai rahusa, suna gudun rabon kyauta kada ya ɓata kasuwa. Wanda ba shi da ko dala, rahusa ba ta amfane shi da komai.

A watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dalar Amurka miliyan 16, kusan ba wanda ya waiwaye ta. Sai da hotunan yara masu tamowa suka fita a talabijin ɗin Turai a watan Yuli kuɗi suka fara zuba, kafin Agusta ta ƙare roƙon ya kai miliyan 81. A watan Agustan Kofi Annan ya sauka nan Zinder ya ga yaran da kansa. A watan nan ne kuma shugaba Tanja Mamadu ya ce babu yunwa a Nijar. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a shekarar. Abin da ya fi ba kowa mamaki, yawancin yaran daga kudu suka fito, daga ƙasar noma ta Maraɗi da Magarya da Matamai, inda taswirar gargaɗi ba ta nuna ja sosai ba.

To me ya faru da ƙungiyoyi suka iso? Sun iso gaba ɗaya, cikin ƴan makonni, kowace da motarta da kuɗinta da takardar da za ta kai wa wanda ya ba ta kuɗin. Garin da ke bakin kwalta ya samu baƙi biyu ko uku, tungar da ke bayan rairayi ba ta ga kowa ba. Wata ƙungiya na raba wa kowa, wata na bai wa uwar da awon hannun ɗanta ya nuna ja kawai. Masu binciken cibiyar LASDEL da suka zauna a ƙauyuka bayan abin ya lafa sun tarar cewa a wurare da dama an koma ganin yaro mai tamowa a matsayin sa'ar gida, tunda ta kansa ake samun rabo. Ban ga laifin uwa ko ɗaya a nan ba. Ƙa'idar da aka kawo mata ce ta koya mata haka.

A duniya ma 2005 shekarar gyara ce. A Maris aka sa hannu kan yarjejeniyar Paris, wadda ta ce ƙasar da ake taimaka wa ita za ta ja gaba, masu tallafi su bi tsarinta su daidaita da juna. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da tsarin rukuni-rukuni, lafiya da shugabanta, abinci da nasa, ruwa da nasa, ofishin OCHA na haɗa su, aka fara gwada shi a girgizar ƙasar Pakistan a watan Oktoba. Tsarin ya rage ɓarna, wannan gaskiya ce. Amma a Haiti, bayan girgizar 12 ga Janairu 2010, an yi ta yin tarurrukan haɗa kai da Ingilishi a cikin sansanin Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ɗan ƙasa sai da wahala yake shiga. Baƙi sun daidaita da baƙi, masu gida suna bakin ƙofa. Mu ma nan, idan taro da Faransanci ake yin sa a Yamai ko a ofishin gwamna, kuma mai garin da ruwa ya ci bai san an yi ba, to ƙaramin Haiti muka yi.

A nan Nijar, shekarar 2010 ta nuna mana ɗaya fuskar. Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu, gwamnatin Salu Jibo ta fito fili ta ce akwai yunwa, ta nemi taimako. Mutanen da abin ya shafa sun kai kimanin miliyan bakwai, sun fi na 2005 nesa ba kusa ba, amma aikin ya fi tafiya daidai, domin ba a ɓata watanni ana gardamar sunan abin da ke faruwa ba. Hukuma ce ya kamata ta ja ragamar agaji, ban da shakka a kan wannan. Amma jagorancin yana da farashi, kuma farashin shi ne faɗin gaskiya da wuri.

Yanzu bari mu sauka inda maganar take da nauyi, wato ƙofar gidan mai gari. Furoje ya zo da safe, an tara jama'a, an kafa kwamiti, an kasa gidaje kashi huɗu: matalauta ƙwarai, matalauta, masu dama-dama, masu hali. An rubuta sunaye, an ɗauki hoto. Bayan mako biyu wani furoje ya zo, shi ma ya tara jama'a, ya kafa nasa kwamitin, da tasa ƙa'idar. A shekarun baya tsarin tallafin gwamnati da Bankin Duniya yana bai wa gida jika 10 a wata har shekara biyu, ƙungiyoyin agajin gaggawa kuma suna ba da jika 32 da rabi a wata na watanni huɗun damina. Kowane adadi yana da hujjarsa a ofis. A cikin gari kuwa abin da ake gani shi ne maƙwabta biyu, katanga ɗaya ta raba su, talaucinsu ɗaya, wannan ta karɓi ninki uku na waccan, ta uku kuma ba a rubuta ta ba sam. Wa za ta tuhuma? Furoje ya tafi. Mai gari za ta tuhuma, da ɗan kwamiti, da kishiyar da ta ga kamar ita ta yi mata zagon ƙasa.

Shi ya sa a garuruwa da yawa, da zarar mota ta juya, sai a tattara abin da aka raba a sake kasa shi gida-gida, don a zauna lafiya. Ma'aikacin ƙungiya yana kiran wannan karkatar da agaji. Ni ina ganin jama'a ce take ɗinke abin da rabon ya yage. Kuma akwai asarar da ba a rubutawa a rahoto: mutum ya koyi ɓoye akuyarsa ranar ƙidaya, ya koyi raba gidansa gida biyu a takarda, ya koyi cewa gaskiya tana sa a tsallake sunansa. Idan aka shekara ashirin ana haka, an lalata amanar da ake buƙata ranar da babbar masifa ta zo.

Saboda haka, a ganina, ainihin abin da ya kamata masu agaji su yi tarayya a kansa shi ne sunayen. Taro ana yi, rahoto ana musaya, amma kowa yana riƙe da jerin sunayensa kamar dukiyar gado. Ina kira da a samu rajista ɗaya a kowace komin, wadda duk mai son raba wani abu zai fara dubawa, ya rubuta wanda ya bai wa, da abin da ya ba shi, da ranar. Gwamnati ta riga ta soma aikin rajistar bai-ɗaya ta gidaje masu rauni a matakin ƙasa, kuma abu ne mai kyau. Sai dai rajistar da ke cikin kwamfuta a Yamai ba za ta gaya maka cewa wane ya rasu makon jiya ya bar marayu shida ba, ko cewa wance mijinta ya tafi biɗa Libiya shekara biyu ba labari. Wannan mai unguwa ne ya sani, da liman, da ungozoma, da shugabar asusun mata.

A nan Damagaram tana da abin da wasu ba su da shi. Sarautar da ta faro tun ƙarni na 18, wadda Sarki Tanimun ya kai ta ƙololuwa a ƙarni na 19, ta bar mana silsila daga mai unguwa zuwa mai gari zuwa hakimi zuwa fada, kuma ko Turawan da suka ci garin a 1899 ba su iya mulki sai da ita ba. Dokar ƙasa ta yarda da sarakuna a cikin tsarin gudanarwa. Babu ƙungiyar da za ta iya gina irin wannan hanya mai kaiwa kowane zaure, ko da kuɗinta sun kai nawa. A gayya, ko mutum ɗari suka zo da hauyoyinsu, mai gona ne yake nuna inda kunya ta fara da inda iyaka ta tsaya, in ba haka ba wani wuri a nome shi sau biyu, wani a bar shi da ciyawa.

Amma, Allah ya ja zamanin iyayen ƙasa, zan faɗi ɗaya rabin maganar a gabanku, domin na san kun fi son a faɗa. Ƙungiyoyi suna kauce wa masu gari da magadan gari ne saboda sun sha ganin an cusa sunan ɗan'uwa da suruki da ɗan jam'iyya. Tsoronsu yana da tushe. Maganinsa kuwa mai arha ne: a karanta sunaye da babbar murya a bainar jama'a, da Hausa, da Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci inda ake jin su, maza da mata suna zaune, kafin a raba ko tiya ɗaya. A liƙa takardar a ƙofar ofishin komin. A sa wanda za a kai wa kuka wanda ba shi cikin masu rubutun. Sunan da ba zai iya jure a karanta shi a gaban gari ba, bai kamata ya shiga rajista ba. Ko zaɓaɓɓun kansiloli ne ke riƙe da komin, kamar yadda aka fara tun zaɓen 2004, ko kantomomi ne kamar yadda aka koma a 2024, wannan sharaɗi bai canja ba.

Abin da ya faru a Nuwamba 2024 ya isa misali ga ɓangarorin biyu, hukuma da masu agaji. Tarayyar Turai ta ware yuro miliyan 1.3 don waɗanda ambaliya ta shafa. Gwamnatin Nijar ta ce an raba kuɗin ga wasu ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa ba tare da shawara da ita ba, Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da zargin ta kira jakadanta gida. A watan nan aka janye izinin aiki na ƙungiyar Acted da na APBE, a Fabrairu 2025 kuma aka nemi kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa ya bar ƙasar. Ba ni da hurumin yanke hukunci kan kowace takaddama. Abin da na tsaya a kai shi ne, ƙasa tana da cikakken haƙƙin sanin kowane kuɗi da ya shigo da sunan talakawanta, da inda ya nufa. Haka kuma, ranar da aka rufe ofishin wata ƙungiya, wajibi ne a san wa zai karɓi rijiyar da ta fara, da ɗakin jinyar da take biya, da yaran da ke tsakiyar magani. Ikon da ya kori mai aiki ya ɗauki nauyin aikin.

Akwai misalin haɗin gwiwa mai kyau a kusa da mu. A Mirya, tun 2009, ƙungiyar likitocin Nijar ta BEFEN take aiki da ALIMA, ƴan ƙasa suna gaba, baƙi suna kawo kuɗi da ƙwarewa, kuma a cikin asibitin gwamnati ake aikin. Koya wa iyaye mata auna hannun ƴaƴansu da kansu, wanda yau ya bazu ƙasashe da yawa, Mirya na cikin wuraren da aka fara tabbatar da ingancinsa. A taron agaji na Istanbul na 2016 manyan masu ba da tallafi sun yi alkawarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin gida kafin 2020. Alkawarin bai cika ba. Ya kamata ƙungiyoyinmu su riƙa tuna musu, su kuma gyara littattafan kuɗinsu yadda ba wanda zai samu hujjar hana su.

Bayan sunaye, sai lokaci. Masifun ƙasar nan yawancinsu suna da kalanda. Tun kaka, a Oktoba da Nuwamba, an san garin da bai girbe ba. An san daga Yuni zuwa Satumba rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, kuma a daidai lokacin zazzaɓin cizon sauro yake haɗuwa da tamowa. A Satumba 2018 MSF ta sanar cewa yara fiye da 700 ne kwance a sashenta na asibitin Magarya, ana rasa kimanin goma kowace rana. Wannan cunkoso kowace shekara yake dawowa a watanni guda. Irin shuka da ya iso a Agusta abinci ne kawai. Saniyar da za a saya daga makiyayin Tanut ko Gure don rage masa asara, tun tana da nama ake sayenta. Hatsin da za a kai tungar da laka ke yanke wa hanya, kafin ruwa ake kai shi. Amma kuɗin kowace ƙungiya da tasa shekarar lissafin, wadda aka tsara a wata ƙasa mai wani yanayi. Zaman haɗa kai na gaskiya a jihar nan ya kamata a yi shi a Disamba a kan cimaka, a sake yi a Afrilu a kan ambaliya, a fito da takarda mai cewa wane ne zai tsaya a wace komin da me. Akwai kwamitocin gargaɗi na ƙauyuka da na komin da aka kafa don wannan, da yawansu sun yi barci ranar da furojen da ke ba su kuɗin mai ya ƙare. A tashe su, a sa musu ɗan kaso a kasafin komin.

Sai sake gini, wanda shi ne marayan wannan harka. Tabarma da bargo da buhun shinkafa suna da masu bayarwa, domin ana ganinsu a hoto. Bayan wata uku, mutumin da ɗakinsa ya faɗi yana komawa ya kwaɓa ƙasa ya gina a daidai inda ruwa ya ci shi, tunda ba shi da wani fili. Zinder a kan dutse take zaune, ruwa ba ya nutsewa da sauri, shi ya sa muke fama da ƙishirwa da rani har sai an jawo mana ruwa daga Gogo da Arunguza da Ganaram, mu kuma yi fama da ambaliya da damina. Tafkunan da da can suke karɓar ruwan gari an cike gefensu da shara da gini, magudanai sun toshe. Babu ƙungiyar agajin gaggawa da aka ba kuɗin yashe magudana ko fitar da sabbin filaye a tudu, masu ayyukan raya ƙasa kuma shirinsu na ɗaukar shekara biyu kafin a sa hannu. Tsakanin waɗannan biyun talaka yake faɗawa. Wannan gurbi na magajin gari ne da ma'aikatar tsara birane, kuma ya dace duk mai kawo agajin gaggawa a tambaye shi tun ranar farko wa zai miƙa wa aikin idan ya gama.

Ina roƙon kada a ɗauki ginin ƙasa a matsayin abokin gaba. Yawancin mutanenmu ba za su iya siminti da ƙarfe ba, kuma ɗakin ƙasa ya fi dacewa da zafinmu. Ginin da aka ɗaga tushensa, aka gyara indararonsa, ake yi masa yaɓe kafin kowace damina, yana daɗewa. Wanda aka shafe da siminti a kan ƙasa kuwa yakan riƙe danshi a ciki har ya ruɓe ba a sani ba. Maginanmu na gargajiya sun san wannan, amma ba kasafai ake gayyatarsu taron sake gini ba. Birni da fadar Sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, Agadas ta samu shiga a 2013. Idan muna son abin da ya rage na Birni ya kai ga jikokinmu, gyaransa na shekara-shekara sai ya samu mai shi da kasafinsa.

Kada kuma mu manta da kudu. Farashin tiya a kasuwar Dole yana jin abin da ke faruwa a Dawanau da Maigatari da Mai'aduwa. Sanƙarau da mashaƙo da suka addabi jihar nan a 2023 ba su tsaya nuna takarda a Dan Barto ba, kuma uwaye daga Jigawa da Katsina sun daɗe suna kawo ƴaƴansu asibitocin Magarya da Matamai. Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya nuna mana yadda magani da abinci suke tsayawa idan manya suka ɓata. Ko dangantakar gwamnatoci ta yi tsami, likitan gundumar Magarya da takwaransa na Babura su kasance suna da lambar wayar juna. Sarakuna ma suna da zumuncin da ya girmi iyakar, a yi amfani da shi.

Kuɗin waje yana raguwa. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ƙasashen Turai da dama sun rage abin da suke bayarwa. Jihar da ƙidayar 2012 ta ba ta mutum fiye da miliyan uku da rabi, wadda ta fi kowace jiha yawan jama'a, ba za ta iya jure a bai wa gida ɗaya sau biyu a tsallake na kusa da shi ba. Kuma muna da namu: zakka, da abin da attajiranmu suke fitarwa da azumi, da asusun mata irin na Mata Masu Dubara da ya faro a Maraɗi a 1991, da gawon da manoman Magarya da Matamai da Mirya suka raya a gonakinsu da hannunsu har ya rufe kimanin hekta miliyan ɗaya. Alhajin da zai raba buhu ɗari biyar shi ma mai agaji ne, shi ma ya dubi rajistar komin kafin ya buɗe sito.

Ranka ya daɗe wakilin gwamna, ina roƙon a kira zaman Afrilu tun bana, a kuma sa masu unguwanni da magina da wakilan mata a ciki. Ma'aikatan ƙungiyoyi, ku kai jerin sunayenku ofishin komin kafin ku raba komai, ku karɓi na waɗanda suka riga ku. Iyayen ƙasa, ku ba da umarni a karanta sunaye a fili a kowane gari da ke ƙarƙashinku. Ku kuma ɗaliban Jami'ar André Salifou, kuna da ilimin taswira da kwamfuta, kuma kun san lungunan garin nan: ku je ofishin gundumarku ku nemi a ba ku aikin zana unguwannin da ruwa ke kwanciya da magudanan da suka toshe, ku miƙa shi kafin watan Mayu ya ƙare.